Faifan da Waris Bai Ji Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, 11 ga Maris 2006, aka kashe Waris Mutawakilu a Manchester. Faɗa ya kaure tsakanin wasu bugaggu a ƙofar situdiyo, ya shiga rabo, ɗaya ya fasa kwalba ya caka masa a wuya. Ni Gimba, mai kaɗa gita a ƙungiyarmu ta rock, a cinyata ya cika.

Waris, kai ka tsince ni a unguwar Perry Barr lokacin da nake jami'a, ba masauki ba kowa. Ka ba ni katifarka ka kwana a ƙasa. Ka kai ni unguwar Small Heath wurin mahaifiyarka Umma Sherifatu, ta cika ni da tuwo, ta ce na zama ɗa. In ka hau ganguna kuwa, wayyo! Duka kake yi kamar da gayya, sanduna na karyewa, yatsunka na fashewa, jini na ɗiga a fata, kana dariya. Shekara biyu muna haɗa faifanmu na farko. A makon da muka gama aka yanka ka.

Turawan ƙungiyarmu suka ce a fitar da faifan don tunawa da kai. Da murnata na kai wa Umma uwar kaset ɗin, wadda babu kwafinta ko'ina. Ta dube ni ta ce, "Gimba, duk wanda ya kunna wannan ya yi rawa, a kabarin ɗana za a rubuta zunubin. So kake a yi ta dukansa yana kwance?"

Na yi gardama, wallahi har da ɗaga murya. Na ce wannan kaɗai ya rage mana na hannunka. Ta jawo turmin sakwararta, ta jefa kaset ɗin ciki, ta ɗaga taɓarya. Roba na tsalle, zare na warwatsewa, tana kiran sunanka da kowane bugu. Turmin ya soma gocewa a kan tayil. Waris, ni na durƙusa na riƙe mata shi. Har yau ina jin haushi, amma kwanciyarka ta fi mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya isar maka. Umma Sherifatu da ƙanwarsa Hikma, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba ni ni ma.