Gwanin Taxco da fil ɗin surukarsa

Duk mai sayar da azurfa a kasuwar Asabar ta Taxco ya san Don Crisóforo Bahena, ko ba don komai ba don bakinsa. Teburinsa bai fi faifai biyu ba, amma muryarsa tana kaiwa layi uku. Hajarsa tsofaffin fil ne na ado, irin na azurfa da mata ke maƙalawa a ƙirji, waɗanda manyan maƙeran garin suka ƙera shekaru sittin da wani abu baya, lokacin da suka gaji da fure da tsuntsu suka koma lanƙwasa da kusurwa da dutse guda a gefe. Haka dai yake faɗa. Tsufan nasu kuwa, mu da muke makwabtaka da shi mun san a kicin ake yin sa.

Shekara tara ya yi a maƙerar Maestro Tiburcio yana saurayi, kuma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ne ya koya wa tsohon riƙon guduma. Gaskiyar magana, tsintsiya aka ba shi. Aikinsa share ƙurar azurfa daga ƙasa a tara a gwangwani. Abu ɗaya tak ya fita da shi daga gidan mai daraja, wato 'yar maigidan, Eduviges, wadda har yau 'yan'uwanta ke cewa ranar da ta amince masa zazzaɓi ne a jikinta.

Da wannan jarin ya zama gwani. Mace ta tsaya gaban teburinsa, kafin ta buɗe baki ya fara wa'azi.

"Doña, ba a nan ake sa shi ba. Tsakiyar ƙirji na 'yan makaranta ne. Kafaɗar hagu, sama kaɗan, inda ido zai fara sauka. Kuma wannan rigar taki mai shara-shara ba za ta ɗauke shi ba, yagewa za ta yi ki ce na cuce ki. Mai nauyi sai mayafin ulu. Guda ɗaya ya isa, ba a tara uku kamar janar ɗin soja."

Wannan duk daidai ne, don a bakin surukinsa ya tsinta, kamar yadda ya tsinci ƙurar. Sai ya ɗora da babbar dokarsa: kada a goge baƙin da ke cikin lungunan zane, don shi ne shekarun abin. A nan iliminsa ya tsaya cak. Shi a wurinsa baƙi shi ne tsufa, iyakar baƙi iyakar daraja. Saboda haka duk ranar Juma'a yakan dafa ƙwai shida, ya farfasa su da zafinsu cikin roba mai murfi, ya jera sababbin fil a ciki ya rufe. Kafin la'asar, da tururin ƙwan nan, azurfar da aka zuba shekaranjiya ta yi baƙi kamar ta ga kakan kakansa. Ƙwan kuma ba ya asararsa, da barkono yake cinye abinsa.

A gidan akwai fil guda na gaske. Maestro Tiburcio ya ƙera wa matarsa shi da hannunsa: jinjirin wata biyu da suka saɓa wa juna, da baƙin dutse a inda suka haɗu. Da shi uwar Eduviges ta je coci ranar aurenta, da shi Eduviges ta je nata, kuma da shi za a maƙale mayafin 'yarsu Nereida, wadda saura wata guda a ɗaura mata aure. Yana naɗe cikin ƙyalle a ƙasan akwati. An gaya wa Don Crisóforo tun yana da gashi cewa ko inuwarsa kada ta faɗa kan akwatin.

To, biki na tafe, aljihu ba nauyi, ga abu kwance yana barci. Ya zare shi ranar da matar ta tafi kai wa ƙanwarta ziyara, ya kai wa wani mai zubin azurfa a bayan gari, aka fitar masa da irinsa guda bakwai. Aka liƙa musu tsinke a baya, ya kawo gida ya ba su ƙwai suka ƙoshi. Da ya jera su kan teburin kicin, ya sa na ainihin a tsakiya don ya gwada, sai daɗi ya kama shi. Ya cuɗa su da hannu, ya rufe ido ya buɗe, yana yaba wa kansa. Ana cikin haka ya ji muryar Eduviges a bakin ƙofa tana sallamar mai tasi. Ya duba takwas ɗin nan da idon gwani, ya zaɓi wanda ya fi baƙi, ya naɗe ya mayar akwati. Sauran ya watsa a aljihu.

Ranar Asabar wata mata ta tsaya a teburinsa, da takalmin roba da jakar cefane, ga alama daga babban birni motar safe ta kawo ta. Kallo ɗaya ya yi mata ya yanke hukunci: wannan ko azurfa da gwangwanin madara ba ta bambancewa. Ya fara mata karatun kafaɗar hagu. Ita ko gaban fil ɗin ba ta kalla ba. Ɗaya bayan ɗaya take juya su tana duba baya, tana auna su a tafin hannu, har ta kai ɗaya hanci.

"Doña, ba alalar tamale ba ce," in ji shi. "Ba a shinshinawa."

"Yi haƙuri, Don, ban iya ba ne. Wannan fa? Na ga ya fi sauran haske."

"Shi ne ƙaraminsu a shekaru. In kina son na gaske ga baƙaƙe nan."

"A'a, ni talaka ce, ƙaramin ya ishe ni."

Har ragi ya yi mata, don a ganinsa ƙwai bai kama wannan da kyau ba. Da ta wuce ya juya ga mai teburin kusa yana dariya, ya ce mutanen birni kuɗi gare su, ido ne babu.

Ranar bikin da safe, gida cike da ƙamshin miyar pozole, Nereida ta zauna gaban madubi da farin mayafinta. Doña Eduviges ta buɗe akwati, ta warware ƙyalle. Ta kai fil ɗin kafaɗar 'yarta, yatsunta suka nemi tsinken a inda suka saba samunsa shekara arba'in, ba su same shi ba. Ta juya bayansa ta duba. Sannan ta aika a kira mata mijinta, ta sallami kowa daga ɗakin.

"Tsoho, uwata da wane hannu take cin abinci?"

"Wace irin tambaya ce wannan ana jiran mu a coci?"

"Shekara tara ka yi kana cin tuwon hannunta. Da wane hannu?"

"Da hagu."

"Bahaguwa ce. Shi ya sa babana ya juya mata tsinken, yake buɗewa ta ɗaya gefen. Duk garin nan ba wani fil mai haka. Wannan na hannun dama ne." Ta kanga shi ga hasken taga. "Dubi hatimin babana, ya narke kamar an taka kakin zuma. Nasa da ƙarfe ya buga shi, kana iya jin bakin harafin da farce. Kuma namu ya yi haske a tudun zanen, don mayafin mata biyu ya goge shi. Wannan baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya." Ta kai shi hanci. "Har da karin kumallonka a jiki."

Muryar da ke kaiwa layi uku ta koma ƙasa-ƙasa. Ya ce sauran shida suna nan, a bari ya duba.

"Kawo."

Ya kawo. Ta juya su ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda mai takalmin roba ta yi. Duk na dama.

"Wa ka sayar wa?"

"Wata... ba ta san komai ba."

"Ta juya bayansa?"

Ya gyaɗa kai.

"To ta fi ka da shekara arba'in."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta kira Nereida ta gaya mata gaskiya a taƙaice, ta maƙale mata mayafin da fil ɗin ɗinki na kwabo. Yarinyar ta tafi coci haka, kafaɗarta ba komai, kuma duk tsohuwar da ta san gidan Tiburcio ta lura. Sannan Doña Eduviges ta ɗauki bakwai ɗin nan ta jera su a ƙirjin kwat ɗin mijinta, huɗu dama uku hagu, ta ce in ya cire ko ɗaya kafin a watse, ya nemi inda zai kwana. Haka ya rako 'yarsa har gaban limamin coci yana ƙarar ƙarfe kamar alfadarin 'yan kaya, a gaban rabin maƙeran garin, waɗanda ba sai an yi musu bayani ba.

Ya yi Asabar kusan ashirin yana tsayawa inda motocin birni ke sauke mutane, yana leƙen ƙafafun mata. Mai takalmin roba ba ta dawo ba, me za ta dawo yi?

Yana nan har gobe a teburinsa. Wa'azin kafaɗar hagu bai fasa ba, sai dai yanzu da zarar mace ta juya fil tana duba baya, muryarsa takan ragu. 'Yan layin kuma Janar suke kiransa. Masu sayar da ƙwai ne kaɗai suka yi rashi, don Doña Eduviges ta hana a shigo mata da shi gida ranar Juma'a.