Rabin Bencin Baba Arzika

Duk mai bi ta bayan tashar jirgin Gusau da sassafe yakan ji tarin Baba Arzika kafinta kafin ya ga fuskarsa. Yakan fito da gizago a kafaɗa, ya zauna bakin rumfarsa, ya jawo dutsen washi, ya wasa kowane ƙarfe har wanda ba zai taɓa ba ran nan. Matarsa Hanatu ta kawo koko, ya ce a ajiye, ta ce na jiya ma ƙuda ne ya sha, shi ke nan sun gaisa. Daga nan sai ya miƙe ya sauko da babban zarton nan mai hannu biyu daga jikin dirka, ya shafe shi da man gyaɗa, ya mayar da shi. Damina biyu zarton ya yi bai ci itace ba, amma ko ɗigon tsatsa babu a jikinsa.

Yanzu yanar ido ta soma rufe masa gani, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aikin layin dogo. Shi ya sa muka ga gara a jinjina masa yana raye yana ji. Yabon da ake yi wa mutum bayan an rufe shi da ƙasa, masu rai ne kawai ke jin daɗin bakinsu.

Mutumin 'Yankuzo ne ta ƙasar Tsafe. Yunwar Kakalaba ce ta kore shi zuwa Zariya, a can ya koyi aikin katako, a can ya ji Linjila ya karɓa. Da aka juyo da kan layin dogo wajen ƙasarsu, ya tattara kayan aikinsa ya biyo shi, yana yi wa gidajen ma'aikata ƙofa da taga. Mu masu bin Almasihu a nan ba mu da yawa, rumfar zana guda ta ishe mu: akawuna Yarbawa, leburori daga kudancin Zariya, da 'yan Hausawa da ba su cika hannu biyu ba. Baba Arzika ba shi da muƙami a cikinmu, ko karatun kirki bai iya ba. Amma shi ya kafa dirkokin rumfar, shi ya yi bencinan da muke zama, kuma in mutum ya yi Lahadi guda bai zo ba, da Litinin zai ji tarin nan a ƙofar gidansa.

A sansanin leburori na Tsafe ya haɗu da Labbo, wani saurayi ɗan Bungudu mai ƙarfin kafaɗa da yawan dariya. Ga yadda ake tsaga katako da babban zarto: a ɗora gungume a kan rami, mutum ɗaya ya tsaya sama yana bin layi, ɗaya ya shiga rami yana ja, garin itace na zuba masa a ka. Ba kowa ke jure ramin ba, Labbo ya jure. Baba Arzika bai taɓa yi masa wa'azi ba, waƙoƙin sujada kawai yake rerawa don zarton ya sami tafiya daidai, har wata rana na cikin rami ya soma amsawa. Da Labbo ya ce zai yi baftisma, gidansu sun yi baƙin ciki ƙwarai, ba abin ɓoyewa ba ne. Amma wansa Mas'udu ya ce jini ba ya zama ruwa, ƙofar gida a buɗe take.

Bayan mun iso Gusau aka aiko mana da mai bishara, Malam Tambaya. A faɗi gaskiya, ba mugu ba ne. Yaro ne mai zafin nama, yana tsoron kada 'yan tumakin da aka ba shi su watse a hannunsa, shi kuwa tsoro yakan sa mutum ya ɗaure akuya har ya shaƙe ta. Shi ya zo mana da al'adar horo: wanda ya yi laifi a tsayar da shi gaban jama'a, a mayar da shi kujerar baya bakin ƙofa, a hana shi jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai, sai wa'adinsa ya cika.

Ana nan sai mahaifin Labbo ya rasu. Labbo ya baro zarto ya tafi Bungudu, ya shiga haƙar kabari, ya sa kafaɗa aka ɗauki makara, da aka yi sahu za a sallaci gawa ya tsaya kusa da wansa. Wani ya gani, ya kawo labari. Ran Lahadi Malam Tambaya ya ce Labbo ya miƙe.

"Gaskiya ne ka tsaya a sahu?"

"Malam, ubana na. In ban ɗauki gawatai ba, wa za ya ɗauka? Na tsaya, amma ban ce komi ba, kuka nika yi."

Aka yanke masa horo har kaka. Mu kuwa muka sunkuyar da kai kamar masu neman allura. Bayan an tashi Malam Tambaya ya kira Baba Arzika ya ce a yi masa 'yar kujera ta mutum ɗaya, a ajiye bakin ƙofa. Hanatu ta ce ran nan Baba bai ci tuwo ba, ya yini yana jujjuya katako guda a hannu. Shi ake so ya sassaƙa wa yaronsa wurin kunya.

Ya yi kujerar. Da ya kawo ta sai ga benci mai cin mutum biyu har da sarari.

"Baba, ai ta mutum ɗaya na ce."

"Katakon ne yaz zo da tsawo, Malam, na ji tausayin yanke shi."

Lahadin da ta biyo, Labbo ya zauna a gefe ɗaya, kansa a ƙasa. Sai ga Baba Arzika ya wuce wurinsa na gaba da ya saba zama, ya komo baya ya zauna a ɗaya gefen, ya gyara riga. Da aka kira masu cin jibi bai tashi ba. An tambaye shi daga baya, ya ce shi bai saba cin abinci abokin aikinsa na kallo ba.

Kai ne, Baba, ka nuna mana cewa shugabanci ba sai daga gaba ake yinsa ba. Ba ka ɗaga wa Malam murya ba, ba ka tara mutane bayan rumfa kuna gulmarsa ba, teburinsa ma da ya karye kai ka gyara. Dirkar rumfa, ba a kula da kai sai an jingina.

Amma Labbo bai kai kaka ba. Wata safiya Baba Arzika ya fito ya tarar da rami babu kowa, aka ce an ga yaron da 'yan kayansa a hanyar Bungudu. Wansa ya yanka masa gona, ya koma noma. Bai koma Musulunci ba, bai kuma sake tako rumfarmu ba, ya tsaya a tsakiya shi kaɗai. Helma, shugaban leburori, ya kawo wa Baba majiya ƙarfi su shiga rami, ya gwada su ya ce jan nasu ba ya haɗuwa da nasa. Ya rataye zarton ya koma ƙananan ayyuka. A majami'a kuwa bai koma gaba ba, yana nan a rabin bencinsa, hannunsa ɗore a kan rabin da babu kowa.

Zumunta a ƙafa take. Duk tsayuwar wata sai ya ɗauki sanda ya taka zuwa Bungudu. Ba ya zuwa da wa'azi. Ya gyara wa Inna Wasila, mahaifiyar Labbo, ƙyauren ɗakinta, ya sa wa Mas'udu ƙotar fartanya, ya sha fura, ya dawo. Kewar yaron ta ci shi ƙwarai, Hanatu ta sha jin yana rera waƙar zarto shi kaɗai, in ya kai inda ake amsawa sai ya yi shiru. Sai da aka yi damina guda ana haka, wata rana Labbo ya rako shi har bayan gari, ya tsaya.

"Baba, ka san mi yak kore ni? Ba bencin ba na. Ubana yar rasu, mahautan kasuwar Gusau sunka zo sunka gaishe ni, har mai goron bakin tasha ya ce mani ya haƙuri. Waɗanda nika kira 'yan'uwa, ko mutum guda. Kai da Inna Hanatu kaɗai, ku kuwa iyaye na, naku daban."

Abin kunyar ke nan, kuma haka aka yi. Muna tsoron kada gaisuwa ta zama goyon bayan laifi, sai muka bar maraya da mutuwar ubansa babu ko sannu. A ƙasar Hausa, inda ko wanda kuke gaba da shi in ya yi rashi kakan cire takalmi ka tsuguna!

Da wani ne, da ya kawo maganar nan gaban jama'a ya wanke Malam tas. Baba Arzika ya riƙe ta a ciki yana jiran lokacinta. Lokacin ya zo da aka aiko daga Zariya cewa mahaifiyar Malam Tambaya ta rasu, har an binne ta ba ya nan. Baba ne ya bi gida gida ya tattaro mu, Hanatu ta dafa abinci, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Malam aka zauna da shi. Mutumin da ba mu taɓa ganin haƙoransa ba balle hawayensa, ran nan ya yi kuka kamar yaro. Da zaman makoki ya watse ya riƙe hannun tsohon, ya ce ba don gaisuwar nan ba da bai san yadda zai yi ba.

Baba Arzika ya ce a hankali, "Haka take, Malam. Akwai ko wani gida a Bungudu da ba mu tahi ba har yau."

Malam Tambaya ya ce, "Ai lokaci ya wuce, Baba."

"Gaisuwar mutuwa ba ta tsuhwa."

Aka tafi, maza da mata, har akawunan da ba su saba tafiyar ƙasa ba, suna ɗingishi cikin takalman Turawa. Mas'udu ya fito ya ga taro, aka gaya masa abin da ya kawo mu, ya ce madalla, ya sa aka shimfiɗa tabarmi. Malam Tambaya ya cire takalmi ya tsuguna gaban Inna Wasila ya gaishe ta, sannan ya juya ga Labbo.

"Mun zo gaisuwa, ɗan'uwa. Mun makara. Ya haƙuri?"

Labbo ya ja hannun rigarsa ya rufe fuska. Da za mu taho, Baba ya ce masa akwai gungumen maɗaci da ya ajiye don ƙofar majami'ar ƙasa da muke ginawa. Labbo ya ce sai gero ya shiga rumbu, zai duba.

Tun daga ran nan ba a ƙara tsayar da kowa gaban jama'a ba. Mai laifi akan je gidansa a zauna da shi. Malam ya so a faskara bencin a yi makamashi, Baba ya hana, ya ce mai rabin bai gama zamansa ba, shi ma bai gama nasa ba. Ya sa aka ɗora gungumen a kan rami, ya ƙi kowa ya taɓa. Hanatu ta ce masa da wane idon zai bi layi, ya ce in Labbo ne a rami ba ya bukatar ido, hannunsa ya san jansa. Gero ya nuna, aka yanke, aka ɗaure, tsohon nan yana zaune bakin rumfa yana juya kunne ga duk takun da ya biyo ta hanyar Bungudu.

Yau Asabar da hantsi, masu aiki a tasha suka ji wata ƙara da suka manta da ita. Aka leƙa bayan rumfa. Baba Arzika na sama a kan gungume, a cikin rami kuwa ga wani kai fari fat da garin itace.

"Baba, ka karkace, koma dama kaɗan."

"Kai dai ja, ɗan nema."

Da suka tsaya shan ruwa, Hanatu ta ji Labbo na tambaya ko bencin ga yana nan. Aka ce yana nan. Ya ce to, a gama wanga katako tukuna. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ba za mu ƙara masa gishiri ba.

Mun gode, Baba Arzika. Kai ne ka zauna inda muka guda, ka yi tafiyar da muka ƙi yi, ka gyara mai horo da wanda aka hora ba tare da ka tsaga ko ɗaya ba. Allah ya saka maka, ya bar maka sauran hasken da zai ishe ka ganin abin da kake jira. Ku kuma masu riƙe da jama'a, a nan ko a wani gari, duk ranar da kuka ga dole a mayar da wani baya, ku fara tambayar kanku wa zai zauna kusa da shi. Wanda kuma ya san gidan da ba a je gaisuwa ba, ya ɗauki sanda tun ƙafa na iya tafiya.

Gobe Lahadi. Ko Labbo zai ƙetare bakin ƙofar majami'a, ba mu sani ba. Baba dai ya ce wa Hanatu ta shafe bencin gefe da gefe, ya kuma roƙi Malam kada a fara waƙar farko da wuri.