Yadda Na Zama Kwamared Ba da Sona Ba

Ranar wata Asabar ce a watan Afrilu na shekarar da na cika goma, rana ta fito a unguwarmu ta Camberwell a London bayan an kwashe kusan mako uku ana yayyafi. Duk yaran beninmu sun sauka fili, ina jiyo igiyar tsalle tana dukan siminti, ina jiyo ƙawayena suna ƙirge da ƙarfi. Ni kuwa ina kan matakala tsakanin hawa na shida da na bakwai, rungume da tarin takardu masu warin tawada, gumi na bin bayana a cikin rigar sanyin da Umma ta ce sai na saka. A bayana akwai wani tsohon Bature ɗan ƙasar Portugal, Mista Armindo, yana hawa da sanda yana haki, amma hakin bai hana shi ba da umarni ba. Kowace ƙofa sai na durƙusa na tura takarda ta ramin wasiƙa, in kuma na tura ta a lanƙwashe sai ya ce in ciro wata. "Kwamared, kada ki tsallake ƙofa ko ɗaya," haka yake ta maimaitawa. Takardun na kiran taro ne a kan lif ɗin beninmu da ya yi wata huɗu a mace. Na juyo na ce masa sunana Safiya, ba Kwamared ba. Ya ce ya sani, mu ci gaba.

Ba ni na ɗauki wannan aiki ba, Abba ne ya bayar da ni kyauta. Mahaifina ya zo London karatu daga Kano, karatun ya ƙare, komawar ta gagara, ya zama direban bas. Tun yana saurayi yake da ra'ayin siyasar talakawa, don haka ranar da ya haɗu da tsohon nan a matakala suna zagin council, wato hukumar unguwa mai kula da benin, tare, sai ya ji kamar ya tsinci ɗan uwa. Da ya gane idon tsohon ya fara rauni, bai shawarci kowa ba ya ce ai yana da yarinya mai kyan rubutu. Umma ta ce ba ta ga dalilin da 'yar Musulmi za ta riƙa yini a ɗakin mutumin da ko coci ba ya zuwa ba. Abba ya ce, "Bai san Allah ba, amma ban taɓa ganin ya ci haƙƙin kowa ba, ki bar shi da Mahaliccinsa." Suka yi ta yi har aka tsaya a kan awa biyu kowace Asabar, da sharaɗin ƙofa a buɗe, kuma ba zan ci komai ba sai burodi da zaitun. Ni da za a yi wa aikin, ba wanda ya tambaye ni.

Dama Asabar ɗin ita kaɗai ce tawa. Litinin zuwa Juma'a makaranta, Lahadi Islamiyya, kullum da yamma wanke-wanke da rainon ƙanena. Da safiyar Asabar kuma mu hau bas zuwa kasuwar Deptford, ni ce mai jan keken cefane, Umma tana latsa doya tana shinshina busasshen kifi, tana gaisawa da duk wadda ta ga ta yafa mayafi. In muka dawo muka hau hawa biyar da kaya a hannu, abin da ya rage na yinin shi ne rabona na wasa. A filin nan na koya wa 'yan Jamaika da 'yan Turkiyya 'yar carafke da tsakuwar da muke tsinta a gindin bishiya, su kuma suka koya mini tsallen igiya biyu. To, wannan ɗan rabon ne aka gutsure aka ba tsohon hawa na tara.

Ɗakinsa warin kifin gwangwani da tsohuwar takarda yake yi. Littattafai har kan murhun ɗumama ɗaki, ga wata tsohuwar tafireta da ba ta buga harafi ɗaya, sai an cike shi da biro. Shi ya yi ta zagaye ɗakin yana faɗa da Turancinsa mai kauri, ni ina rubutawa: wasiƙa zuwa council a kan lif, wasiƙa a kan danshin da ya baƙanta bangon wata gwauruwa, wasiƙa zuwa jaridar unguwa da ba ta taɓa buga ko ɗaya ba. In na sa kalma mai daɗin ji sai ya ce in soke, wai kalmar da ta yi kwalliya ƙarya take ɓoyewa. Takarda ɗaya sai in kwafe ta sau huɗu. Ina yi ina kallon taga, ina ƙirga mintoci, ina tsine wa lif da council da ƙasar Portugal baki ɗaya.

A tsakanin wasiƙun ne na san tarihinsa, ba don na tambaya ba. An haife shi a wani ƙauye na bakin teku inda ake tare ruwa a fadamu, rana ta busar da shi a kwashe gishiri. Ya yi 'yar makaranta, ya zama akawu a wurin masu fadamun, shi ke rubuta kwanduna nawa kowace mace ta ɗauko a kanta. A lokacin ƙasarsu tana hannun mulkin kama-karya, sai ya shiga jam'iyyar 'yan gurguzu a ɓoye, kuma ya rubuta littafi a kan matan nan: ƙafafunsu da gishiri ya tsattsage, da 'ya'yan da suke ajiyewa a inuwar kwando. Hukuma ta haramta littafin, aka kulle shi. Da ya fito ya yi shekaru yana yawo da sunan ƙarya daga gida zuwa gida, yana buga takardu a ɓoye, har ya gudo London ya ƙare da wanke tukwane a otal. Yanzu na san wannan ba ƙaramar rayuwa ba ce. A lokacin kuwa abin da na sani kawai shi ne duk sanda ya ɗauko labarin kurkuku, awa biyuna sun zama uku.

Rigimar gaske ta taso ne da malamarmu ta ce kowa ya rubuto shafi biyu a kan aikin da wani nasa yake yi. Umma a ɗakin wanki na wani babban otal take aiki, a ƙarƙashin ƙasa. Amma a wurin matan 'yan Najeriya da muke haɗuwa da su a suna da walima, yawancinsu matan likitoci da ma'aikatan gwamnati, "aiki a otal" kawai take cewa, ta bar su su ɗauka a ofis ne. Ni ma sai na bi sahu, har na ƙara gishiri. Na rubuta cewa mahaifiyata tana zaune a bayan tebur mai sheƙi, da waya biyu, tana karɓar manyan baƙi. Na yi kuskuren barin littafin da na yi rubutun a jakata ranar Asabar, shi kuma ya ce in karanta masa abin da ake koya mana. Da na gama ya tambaye ni ko na taɓa kallon hannun mahaifiyata. Ya ce matar da ke kawo masa ƙosai da azumi, hannunta ba na mai ɗaga waya ba ne. "Kin kori uwarki daga labarinta, kin sa wata a kujerarta," in ji shi. Na fashe da kuka don haushi, na ce ina ruwansa, na sauka da gudu. Amma da yamma ina kallon Umma tana tuƙa tuwo, na ga yatsunta sun yi fari fat a gaɓoɓi, fatar ta daddare, ta shafa man kaɗanya amma bai ɓoye ba.

Ya kai ƙarata wurin Abba, Abba kuma kamar kullum ya goyi bayansa. Da hutun tsakiyar zango ya zo, aka lallaɓa Umma ta tafi da ni wurin aiki, a kan cewa babu mai zama da ni a gida. Na yini a kan wani benci kusa da ƙofa. Zafi kamar gidan burodi, injuna suna ruri har sai an yi ihu ake jin juna, zannuwan gado suna gangarowa ta wani rami ba ƙaƙƙautawa. Mata biyu-biyu suke kama bakin zani su ja su tura cikin injin guga, tururi ya buso musu a fuska. Abokiyar jan Umma wata 'yar zangon Kumasi ce, Hajiya Mariyama, ta ɗaure ƙugunta da ɗankwali saboda ciwon baya. Ta dube ni ta yi dariya ta ce da irin Hausarsu ta Gana, "Yarinya, ka zo ka ga wahala? Ka yi karatu, kar ka zo nan." Na dawo na rubuta abin da na gani. Tsohon ya sa na kwafe shi sau biyar, ya soke duk inda na ce abin tausayi ne, wai ba aikina ba ne in yi wa mai karatu kuka.

Ban ci kyautar da malamarmu ta sa wa rubutun da ya fi kyau ba, wani yaro ne da ya rubuta labarin kawunsa matuƙin jirgi ya ci. Ni abin da na samu shi ne suna, don har ƙarshen shekara wasu 'yan ajinmu suna toshe hanci su ce ina warin bilic ɗin wanki. Wannan ma da sauƙi. Malamar ta manna rubutun a bangon zaure, ranar taron iyaye kuma matar wani likita ɗan Najeriya da ɗanta ke ajinmu ta tsaya ta karanta shi tas, ta juyo ta ce wa Umma, "Ashe haka kike fama, Maman Safiya? Sannu." Umma ta yi murmushi ta amsa. Muka iso gida. Ta cire takardar daga jakarta, don ashe ta ɓalle ta daga bangon, ta kama hannuna muka hau hawa na tara a ƙafa.

Ban taɓa ganin Umma ta yi wa namiji magana haka ba. Turancinta ya ƙare a jimla ta uku, ta koma Hausa, ta ce in fassara kuma kada in rage komai. Ta ce wa ya aike shi? Wahalarta ce, ita ke da ikon ta nuna ko ta rufe, mutuncinta ne kaɗai abin da ta zo da shi ƙasar nan da ba a karɓe a filin jirgi ba. Shi ya fara bayanin cewa babu kunya a aiki, kunya tana kan masu cin gumin wasu. Ta katse shi ta ce, "Matan gishirin naka, ka tambaye su kafin ka tallata ƙafafunsu a duniya?" Ina fassarawa ina jiran ya yi tsawa. Sai ya laluba kujera ya zauna. Ya ce a'a, bai tambaye su ba, kusan dukkansu ba su iya karatu ba. Ya ce ɗaya daga cikinsu mahaifiyarsa ce, yana kurkuku ta rasu, kuma bai sani ba har ranar ko wani ya karanta mata, ko da ta ji za ta yi alfahari ko za ta mare shi. Umma ta tsaya da takardar a hannu. Ta ce Allah ya sa ta huta, ta juya muka sauka.

Na ɗauka na tsira daga Asabar ɗin nan ke nan, ashe ƙari zan samu. Bayan kwana biyu Umma ta zaunar da ni a kicin ta ce in karanta mata rubutun da Hausa. Ina yi tana tsayar da ni. Ba ƙarfe shida suke farawa ba, biyar da rabi ne. Ba injin guga ne ke cin hannu ba, ruwan wankin ne. Kuma don me ban sa cewa ita ce ta fi kowa saurin ninke zani a wurin ba? Ta ce tunda an riga an tona, a tona daidai. Na sake kwafewa, na shida ke nan, na hau da shi sama, shi ma ya sami abin sokewa. Na zama tsakanin masu gyara biyu da ba sa jin yaren juna, kowa da ni yake aika gardamarsa. Lif ɗin ma daga baya an gyara. Tsohon ya ce nasarar talakawa ce, mai gyaran ya ce wani ƙarfe ne ake jira ya iso.

Ina aji biyu a sakandare idonsa ya rufe gaba ɗaya, 'yar ɗan uwansa ta zo ta tafi da shi gida Portugal. Umma ce ta ninke masa kayansa a akwati, ta ƙi bari kowa ya taɓa. Bayan shekara biyu wasiƙa ta zo cewa ya rasu.

An rushe benin nan tuni, an gina wasu gidaje na gilashi da ba mai irin albashin Abba da zai iya shiga. Umma ta koma Kano, jikoki suna matsa mata yatsu. Ni ina nan a wani flat a Deptford, shekara shida ban san sunan wanda ke ƙofar da ke kallon tawa ba, 'ya'yana kuma in na yi musu Hausa da Turanci suke amsawa. Rubutu ya zama sana'ata. In na gama abu na tura, cikin minti kaɗan saƙonni su shigo, kowa ya ce ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Sai in zauna ina duban shafin, na san akwai ƙarya a wani layi, kuma babu wanda ya damu da ni har zai ɓata mini rai ya nuna mini ita.