Rimot ɗin Jirgin Yaya

Shekara talatin da 'yan kai Mai Rediyo ya yi a ɗan shagonsa mai ƙofa ɗaya, tsakanin tela da mai faci, yana shaƙar hayaƙin dalma. Ba abin da bai buɗe cikinsa ba: rediyo, talabijin, fanka, dutsen guga. Mutum ne mai saurin hawa. In abu ya ƙi gyaruwa zaginsa yake yi kamar yana ji, har tela ya leƙo ya ce, "Yau kuma da wa ake yi?" Amma tun da yake, bai taɓa gamuwa da aikin da ya ci masa rai irin rimot ɗin jirgin yayansa ba.

Yayan nasa masunci ne, tun bai yi gemu ba yake kan ruwa. Bara hawan jini ya kayar da shi, ya tashi yana jan ƙafar hagu. Jirginsa na da wata tsohuwar na'ura da ya saya na hannu, wadda ke riƙe sandar tuƙi ta miƙe da jirgin inda aka saita ta. Matsalar, madannanta suna can baya, raga kuwa daga gaba ake janta. Da lafiyarsa taku biyar ne kawai. Yanzu a taku biyar ɗin nan ya faɗi sau biyu, na biyun saura ƙiris ya wuce ruwa.

Babbar 'yar Yaya, wadda kowa ke kira Nas saboda aikin asibiti, ita ta yanke magana a tsakar gida, ta dubi Mai Rediyo.

"Baffa, ƙarshen wata za a sayar da jirgin nan, na ma sami mai saye. Ba zan zauna ina jiran a kira ni a ce an tsamo Baba ba."

Yaya ƙasa yake kallo. Mai Rediyo kuwa ya san in aka zaunar da mutumin nan a gida an gama da shi.

"In yana zaune a gaba bai tashi ba, jirgin kuma yana juyawa yadda yake so fa?" in ji Mai Rediyo.

"In na gani da idona, shi ke nan," in ji Nas.

To fa, ya ɗauko wa kansa! Ya samo rimot irin na buɗe ƙofar gareji, ya ɗaura akwatin da ke karɓar saƙonsa a jikin na'urar, ya ja siraran wayoyi zuwa bayan madannan. A shago abin ya yi kyau, danna nan sandar ta matsa, danna can ta dawo. Aka kai ruwa, ana tayar da inji na'urar ta hau rawa ita kaɗai. Kwana huɗu ya yi kafin ya gano hayaniyar wutar injin ce ke rikita ta, ya raba musu waya. Ana gama wannan ruwa ya shiga rimot ɗin. Ya shanya, ya goge, ya tusa shi cikin 'yar robar da matarsa ke zuba gishiri, ya liƙe bakin. Matar ta yi mita har ta gaji.

Sai Yaya ya dawo daga gwaji ya dangwarar masa da abin a tebur.

"Kayanka ba ya jin magana. Ina son dama, ya yi hagu."

Mai Rediyo ya kwance, ya auna, komai daidai. Ya mayar, gobe Yaya ya sake dawowa da magana ɗaya. Sau uku ana haka! Ranar na ukun ya ɗaga guduma zai farfasa shegen abin, tela ne ya riƙe masa hannu. Ƙarshe dai ya rufe shago ya bi Yaya cikin jirgi, ya zauna yana kallon yatsunsa. Yaya ya nuna wani tsibiri ta dama, ya danna hagu hankalinsa kwance.

"Haba Yaya! Dama kake so, ka danna hagu?"

"To da yaya ake tuƙi? Ka tura hagu, jirgi ya yi dama."

Ashe shekara arba'in da ya yi yana tura sanda ce a yatsansa. Madannan na'urar ma duk lokacin nan sandar yake kallo in zai danna su, yanzu kuwa sandar ta koma bayansa. Mai Rediyo ya rasa dariya zai yi ko kuka. Ya musanya waya biyu, ko minti biyu bai yi ba.

Saura kwana biyu wata ya ƙare Nas ta zo ta tsaya a bakin ruwa, ta harɗe hannu. Yaya na zaune a gaba, Mai Rediyo a tsakiya. Danna, jirgi ya karkata. Danna, ya miƙe sak. Wallahi tun da Mai Rediyo ke haɗa abu bai taɓa haɗa mai biyayya irin wannan ba, har ƙirjinsa ya fara buɗewa.

Suka isa inda Yaya ya sa a shimfiɗa masa raga tun safe. Ya ajiye rimot a cinya, ya kamo igiya da dama ya ja. Ya kai hannun hagu zai karɓa, igiyar ta zame ta koma ruwa. Ya sake ja, ta sake zamewa. A na uku Mai Rediyo ya daina kallon igiya ya dubi hannun. Yatsun a buɗe suke, ba sa rufuwa.

"Tun yaushe?"

"Tun faɗuwa ta biyu."

"Tun faɗuwa ta biyu! Mako uku ina ƙona yatsuna, ina faɗa da matata a kan robar gishiri, kana kallona ba ka faɗa ba?" "Bari, zan yi maka abin jan raga. Akwai injin wata tsohuwar fanka a shago, in na sami..."

"Ƙanena, ya isa," in ji Yaya. "Na ga kana ta yi ne, sai na ce ko kafin ka gama hannun zai dawo."

Ya ɗauki rimot ya danna, jirgin ya yi kwana a hankali ya fuskanci gaɓa. Nas na ɗaga musu hannu tana murmushi, daga can ba ta ga komai ba sai jirgi mai juyawa. Suna isa ta ce, "Baffa, ka ci! Baba, ka riƙe jirginka."

Mai Rediyo ya riga ya yi niyyar ba zai tona ba. Yaya ya dafa kafaɗarsa ya sauko da ƙyar, ya miƙa wa 'yarsa hannun hagu.

"Duba min wannan," ya ce. "Kuma ki gaya wa mai sayen ya zo gobe da safe."