Shekarar da Na Sake Koyon Cin Tuwo

Wata Litinin bayan an gama yankan gero, ina 'yar shekara goma sha uku, Baba ya goya ni a keke zuwa wani ƙaramin asibiti a hanyar Shanono. Ma'aikaciyar jinyar, wata dattijuwa, ta ɗora ni kan sikeli, ta daɗe tana duban allurar sikelin, sannan ta ce, "Malam, yunwa ce a gidan?" Baba ya ce rumbunmu a cike yake.

Gaskiya ya faɗa. Abin ya faro ne tun shekarun fari, lokacin da muke rayuwa kan tuwon dusa da ganyen tafasa. Na riƙa tura wa ƙannena rabona, Inna tana sa mini albarka. Da ruwa ya dawo kowa ya koma ci, ni kuwa na kasa. Loma ɗaya sai in ji kamar sata na yi. Inda mutane ke ganin ƙashi a jikina, ni ƙiba nake gani, tuwona kuma kaji nake zuba wa a bayan danga.

Kwana goma aka riƙe ni. Dattijuwar ta gargaɗi Inna kada a ɗura mini abinci, domin zuciyar da ta daɗe da yunwa tana iya tsayawa. Aka fara da rabin ludayin koko, sannan madara, sannan fura da garin ƙuliƙuli, sau shida a rana. Ƙafafuna suka kumbura. In na ci sai jikina ya ɗau zafi, gumi ya jiƙa mini riga. Har na kai ina cin abin da ya fi na Baba mai wuni a gona, amma makonni suka wuce ban ƙaru ba. Inna ta karaya. Dattijuwar ta ce, "Ki ci gaba. Wutar jikinta ce ta tashi, gyaran ciki take yi tukuna."

A gida, ƙawayena sun daina shigowa, domin iyayensu sun ce iska ce ta taɓa ni. Ina zaune a gindin rumbu da ƙwaryar fura, ina kuka ina haɗiya, ina jiyo tafin gaɗarsu daga dandali. Sai da damina ta zagayo na iya ɗauko tulu daga rijiya ban huta a hanya ba.

Yanzu nakan ji likitoci a rediyo suna bayanin ciwon, har ma yana da suna, kuma ashe muna da yawa. A lokacin na ɗauka ni kaɗai ce a duniya. Da ma yarinyar nan ta gindin rumbu ta sani.