Na ga idon Inna yana rawa, na yi shiru wata biyar

Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara goma sha biyar, ina aji na ƙarshe a koleji a nan Gure, shekarar da za mu zauna jarrabawar BEPC ta kammala koleji. Ni ce ƴar fari a gidanmu, kuma kowa ya san yadda uwa ke yi da ɗan fari a wajenmu. Inna ba ta taɓa kama sunana ba. In za ta kira ni sai ta ce ke, in tana maganata da wani sai ta ce waccan. Ni ma haka na tashi, ba na ɗaga ido in dube ta, in ta aike ni na dawo sai in ajiye saƙon a gabanta in ja da baya. Ga shi dama Allah ya yi ni da kunya. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, har mushenmu, malamin lissafi, yake tsokanata da bebiya mai cin maki. Sai dai abin da bakina ya rasa idona ya samu. Na san wace akuya ce ke fara zuwa kwatarnin ruwa, kuma ina iya gane tabarmar da Inna ta saƙa tana cikin fushi, don bakinta ya fi tsauri.

Saƙar tabarma ce sana'ar Inna. Da kanta take zuwa kwari ta yanko kaba, ta shanya, ta rina, ta saƙa, ranar kasuwa a kai. Wata rana bayan azahar, an gama girbi ke nan, ta shimfiɗa tabarma a rumfa don ta ɗan miƙe. Ta kwanta kan hannun dama kamar yadda ta saba, don ba ta wasa da wannan sunnar. Kanta na taɓa matashi sai ta cafke dirkar rumfa da hannu biyu tana salati, tana cewa gidan yana juyawa. Ina kusa ina wanke kwanoni, tsoro ya sa na manta da kunya na kalli fuskarta. Ƙwayar idonta ce na ga tana rawa, tana fizga da sauri kamar allurar keken ɗinki. Na kama karanta Fatiha a zuciyata, kafin in kai ƙarshen ta biyu idon ya tsaya, ta saki dirkar, zufa na keto mata.

Goggo, yayar Baba, ita ce mai yanke hukunci kan kowace rashin lafiya a danginmu, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata. Ta zo ta ja fatar idon Inna ta duba, ta ce jini ne ya ƙare. Aka shiga hanta da zogale da zoɓo, da dabino a cikin madara, da wani maganin ƙarin jini na kwalba mai warin ƙarfe. Mako uku jirin bai fasa ba. Sai wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce ai ba ƙarancin jini ba ne, mugun jini ne ya taru a ka, a kira wanzami. Aka yi wa Inna ƙaho a ƙeya. Da wanzamin ya ce ta sunkuyar da kai sai hajijiyar ta kwashe ta har ta yi amai, shi kuwa ya ce ciwon ne ke fita. Baba, wanda ba mai yawan magana ba ne, ya ce wa Goggo don Allah Yaya su tsaya kan magana guda, da safe a zuba jini da yamma a kwashe, sai ka ce mai ban ruwa a lambu. Goggo ta ce masa ya tafi wajen albasarsa, jinya ba aikin maza ba ce.

Daga nan maganar ta koma kan iska. Aka tuna Inna ta taɓa yankan kaba da tsakar rana a gindin wata tsohuwar goruba, aka ce ta taka abin da ba a takawa. Aka yi hayaƙi har tufafinmu suka ɗauki wari, aka karɓo rubutu. Ba zan ce komai a kan rubutun ba sai alheri, don na ga yana kwantar mata da hankali, in ta sha takan ci abinci. Amma jirin yana nan. Wani ɗan'uwan Baba ya sayo ƙwayoyi wajen mai tebur a kasuwa, ya ce su ne maganin jiri. Su kam barci kawai suke sa ta, in ta farka tana tafiya kamar mai hawan tudun rairayi, ƙafa na nutsewa.

Duk wannan lokacin ni ina kallo, kuma ina rubutawa a shafin ƙarshe na kayena, littafin rubutuna na makaranta. Na lura abin ba ya zuwa haka kawai. Yana zuwa in ta kwanta kan hannun dama, in ta kai goshi ƙasa a sujada ko ta ɗago, da in ta ɗaga kai za ta sauko da wani abu daga saman rumfa. In ta kwanta kan hagu ba ya zuwa. In tana zaune kanta a miƙe ba ya zuwa. Kuma bai taɓa wuce Fatiha biyu ba, sauran wunin tsoro ne da tashin zuciya suke hana ta motsi. Na san wannan tun watan farko, ban faɗa wa kowa ba, kuma laifin da nake son faɗa ke nan. In na ce idonta na rawa, na tona wa kaina asiri cewa ina kallon uwata cikin ido. Sau ɗaya na buɗe baki zan yi magana a gaban Goggo, ta juyo ta tambaye ni yaushe aka yanke mini cibi da zan sa baki a maganar manya. Na haɗiye sauran.

An taɓa kai Inna wani ƙaramin ɗakin shan magani, ni na riƙe jaka a bakin ƙofa. Majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya ce lafiya lau, ya tambayi yadda jirin yake. Goggo ce ta amsa, ta ce tun daga wayewar gari har faɗuwar rana matar nan duniya juya mata take. Inna ba ta gyara mata ba, don ba ta musu da yayar mijinta. Ni ma ban gyara ba. A kan abin da aka faɗa masa ya rubuta magani, muka dawo. Bayan kwana goma Inna ta miƙa hannu za ta janyo damin kaba daga saman rumfa, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi a kan turmi, wuyan hannunta ya goce. Mai ɗori ya ɗaure. Tun daga ranar ta tsorata da jikinta. Salla a zaune take yi, ba ta kai goshi ƙasa. Barci ma a jingine da bango. Tabarmar da ta fara tana nan rabi a rataye, kaba ta bushe tana karyewa.

Girki da daka da ɗiban ruwa da kula da ƙannena duk suka dawo kaina. In na je lakwal, wato makaranta, yau, gobe da jibi ba ni. Wata safiya Baba ya kira ni zaure kafin ya tafi lambu. Bai dube ni ba, yana ta gyara igiyar fartanyarsa, ya ce in yi haƙuri, in aka dawo daga hutu Inna ba ta miƙe ba, bana sai dai in zauna gida, karatu ba ya guduwa. Na san ƴan matan unguwarmu da aka ce wa bana kawai, ba wadda ta koma. Na ce to. Ya ƙara da cewa kafin nan za su gwada babban gidan likita sau ɗaya, ko Allah zai sa a dace. Na koma bayan rumbu na yi kukana, sannan na yage shafin nan daga kaye, na ninke shi na sa a bakin zanena, ban ma san me zan yi da shi ba.

Muka tafi ni da Inna da Goggo. Lokotoron, wato likitar da muka tarar, mace ce, ba ta da tsayi, tana Hausa irin ta Damagaram. Ta tambayi tsawon lokacin da jirin ke ɗauka, da abin da Inna take yi in zai zo, da ko kunne na yi mata ƙara. Goggo ta gyara zama ta fara irin bayaninta na wancan karon. Na tashi kamar zan miƙa katin asibiti, na ɗora takardar a kansa na ajiye a gaban lokotoron, na koma bayan ƙofa. Ta buɗe ta karanta a hankali, ta tambayi wa ya rubuta. Goggo ta ce kada ta damu, shirmen ƴan lakwal ne. Lokotoron ta ce Hajiya, shirmen nan ya rage mata rabin aiki. Ta duba jini da tansiyo, ta sa Inna ta yi tafiya, ta murza wuyanta a hankali ta tambaya ko yana ciwo. Sannan ta zaunar da ita a gado, ta karkata kanta dama, ta kwantar da ita baya da sauri har kan ya ɗan zarce bakin gadon. Ta yafito ni ta ce in zo in nuna mata abin da na gani. Inna ta runtse ido, lokotoron ta ce Inna buɗe, ƴarki ce ba baƙuwa ba. Ta buɗe. Idon ya kama rawar nan a gabanmu duka, har Goggo ta matso ta kama baki.

Daga nan ta riƙa juya kan Inna daki-daki, daga dama zuwa hagu, tana dakatawa a kowane wuri har jirin ya lafa, ta mirgina ta kan kafaɗar hagu fuska na kallon ƙasa, sannan ta tayar da ita zaune. Ba a fi minti goma ba. Goggo ta tambaya ina allurar, lokotoron ta ce babu. Goggo ta ce to ita dai yau ta ga abu, an taso tun safe an zo an juya mata matar ƙane kamar masa a tanda. Lokotoron ta yi dariya ta bayyana mana cewa can cikin kunne akwai wasu ƴan ƙwayoyi ƙanana kamar rairayi, su ke taimaka wa mutum ya san tsaye yake ko kwance. Wani lokaci sukan ɓalle su faɗa inda ba wurinsu ba, shi ne in kai ya motsa sai mutum ya ga duniya na juyawa, juyin da ta yi kuwa mayar da su ne gidansu. Goggo ta ce dama ta faɗa, rairayin Gure ba inda ba ya shiga, bari a je gida a ɗiga man shanu a wanke. Lokotoron ta roƙe ta kada a zuba komai, ta ce da su Allah ya halicci kowa, har ita Goggon.

Ba a ranar aka gama ba. Inna ta yi kwana biyu tana jin kanta fayau kamar ba nata ba, kuma da muka koma bayan mako sai da aka sake juyin sau ɗaya. Ranar Juma'ar da ta biyo baya ina shara na ga ta tayar da sallar la'asar a tsaye. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ta yi ruku'u, ta tafi sujada a hankali, ta daɗe, ta ɗago da rairayi a goshi, ba ta kama komai ba. Da ta sallame Goggo na zaune a gefe, sai Inna ta ce mata, ba tare da ta dube ni ba, ashe waccan tana da ido. Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni. Da aka dawo daga hutu na koma lakwal, na zauna jarrabawa, Allah ya ba ni sa'a, yanzu ina lise, babbar sakandare.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne wuyan hannun Inna. Ta koma saƙa, amma in sanyi ya shigo yakan yi mata tsami, sai in ga ta ajiye kaba tana murza shi. Da na yi magana tun watan farko, ko da kuwa Goggo za ta zage ni, wataƙila da ba ta faɗi a kan turmin ba. Lokotoron ta gaya mana ba kowane jiri ne irin na Inna ba. Akwai na ƙarancin jini na gaskiya, akwai na tansiyo, na yunwa, na ciki, na ciwon kunne, kowanne da maganinsa, kuma in jiri ya zo da karkacewar baki ko nauyin harshe ko mutuwar hannu, wannan ba a kwana da shi a gida. Shi ya sa ba na ce wa kowa ya kama kan mahaifiyarsa ya juya, sai wanda ya sani ya duba. Roƙona ga manya shi ne, in kun kai mara lafiya wajen likita ku bar shi ya faɗi ciwonsa da bakinsa, ku kuma tambayi yaran da ke wuni da shi, don su ne ke gani. Ƴan'uwana ƴan mata masu kunya irina, kunya ado ce, amma in kin ga abin da zai taimaki mara lafiya ki faɗa, in baki ya gaza ki rubuta.

Jirin ya sake leƙo Inna sau ɗaya da damina, kamar yadda aka ce mana yana iya yi. Wannan karon ba ta aika a kira Goggo ba. Daga rumfa na ji ta ce ke, ajiye wankin nan ki zo ki duba mini idona. Na je na durƙusa a gabanta na duba, washegari muka tafi gidan likita mu biyu.