Takalmi Ɗaya a Hannunta

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara aiki a wani kantin magani a unguwar Karama ta Dubai ba, cocinmu ta shirya tafiya wani ƙauye a Nijar don duba marasa lafiya kyauta. Yawancin 'yan cocin Indiyawa ne da 'yan Filifin. Da fasto ya tambaya ko akwai mai jin Hausa, sai abokina ya kama hannuna ya ɗaga sama, ko shawarata bai nema ba. Haka hutuna na shekara ya salwanta.

Tun a Dubai na gaji. In na tashi daga aiki sai kasuwar Murshid Bazaar, ɗaure kwalayen magani da gidajen sauro a cikin zafin nan mai dafa mutum. Ƙarshen mako kuma a kwashe mu zuwa garin Hatta hawan dutse, wai motsa jiki ne don tafiya. Na gaya musu inda za mu shimfiɗe yake kamar faifai, ba wanda ya saurare ni. Ni da ko benen gidanmu ban hawa da ƙafa, sai ga ni ina haki a bayan wata tsohuwar nas.

Da muka isa, damina ce, kuma ni kaɗai ne tafinta. Likita ta kira ni, mai ba da magani ya kira ni, masu addu'a su kira ni. Kafin mako ya raba murya ta dishe, kai ya daina aiki. Abin da aka faɗa da Turanci in juya, abin da aka faɗa da Hausa in mayar, ba tunani ba komai. Gaskiya har na fara jin haushin marasa lafiyar, Allah ya gafarta mini.

Ranar ƙarshe da la'asar, hadari na haɗuwa, wata tsohuwa ta shigo da yaro ƙarami a kafaɗa. Gudawa ta zuƙe shi, idanu sun faɗa, ko kuka ba ya iya yi. Likitarmu, Ba'indiya mai saurin fushi da saurin hawaye, ta ce sai an kai shi asibitin gari yanzu, kafin ruwa ya yanke hanya. Amma dole uwarsa ta bi shi, don har yanzu yana shan nono.

"Ina uwar yaron?" na tambaya.

"Ni ce uwarsa," in ji tsohuwa.

Likita ta dubi furfurarta, ta dube ni. Muka sake tambaya, amsa ɗaya. Yaushe ya fara? Me ya ci? Tsohuwa ba ta sani ba, ashe ranar ta dawo daga biki a wani gari. Akwai mata a tsaye a bakin rumfa, na ɗaga ragowar muryata na ce wace ce mahaifiyarsa, ba wadda ta motsa. Direban motarmu na ta danna oda. Likita ta buga tebur ta ce, "Khalas, ya isa haka! Wace irin uwa ce za ta bar ɗanta ya mutu ta ɓoye?"

Saura kaɗan in fassara wannan ma. Sai idona ya kai kan wata mata a jikin garu, ta juya mana baya, tana kallon gona kamar ba abin da ya shafe ta. A hannunta akwai takalmin roba ƙarami guda ɗaya, ta matse shi har ya lanƙwashe. Ɗayan na ƙafar yaron.

Kunya ta kama ni. Ni ɗan fari ne, a gidan Hausawa na tashi, amma sai da takalmi ya tuna mini. Yaron nan ma ɗan fari ne, ga uwar miji tsaye, ga jama'a, ga baƙi. Ta yaya za ta buɗe baki ta ce nata ne?

Na ce wa tsohuwa, "Iya, zo a gwada miki tabarau a ɗaki na gaba." Da nas ta ja ta, na matsa kusa da garu, na kalli gonar ni ma.

"Baiwar Allah, yaron nan na Iya, ko kin san yaushe abin ya same shi?"

Ba ta waiwayo ba. A hankali ta ce, "Tun ranar kasuwa. Jiya ya daina kama nono. Yau bai yi fitsari ba."

"Iya ta tsufa da zaman asibiti. Ko za ki taimaka mata ki raka shi?"

Ta ce to. A mota ta zauna can gefe, likita ce ta riƙe shi. Muna shan kwana, ƙauye ya ɓace, ta miƙa hannu ta fizge shi ta manna a ƙirji, ta fara wani irin kuka marar sauti. Likita ta taya ta. Yaron ya rayu, daga baya aka aiko mana da labari.

Na dawo Dubai da zazzaɓi, na kwanta a ɗakinmu na Karama ina jin kamar an daka ni a turmi. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa buga mini waya da kanta ba, kullum ta wayar ƙanwata. Ina yaro abin ya ci mini rai, da na girma na ce al'ada ce, amma can ƙasa ban daina jin zafinsa ba.

Ƙanwata ta kira ni ta bidiyo tana yi mini sannu. A bayanta na hango Mama zaune, ta ba mu baya, wai tsintar shinkafa take. Na daɗe ina kallonta. Hannunta na cikin tire, amma ko tsakuwa ɗaya ba ta cire ba.

"Ki ce wa mutumin Dubai ya sha magani," in ji ta, ba ta juyo ba.

Har yau in an ce tafiyar bishara, bayana ne ke fara amsawa, kuma ban sake yarda na zauna kusa da abokin nan a coci ba. Amma tun daga ranar na daina jiran Mama ta juyo. Hannunta nake kallo.